Tumunin Inna

Ranar wata Laraba, a ƙarshen daminar da nake aji biyar na firamare, Malama Saratu ta shigo ajinmu rungume da kankana. 'Yar Filato ce, ta daɗe tana koyarwa a Haɗeja, kuma mun gajiyar da ita a kan ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas. Ni dai na kafe cewa tunda takwas ta fi huɗu, dole kasonta ya fi tsoka. Ta yayyanka kankanar, ta rubuta 0.25 da 0.125 a allo, muka cinye, ban gane komai ba. "Hajara, in masu ci suka yi yawa, lomar kowa raguwa take yi," in ji ta. Hankalina kuwa yana fadama, inda nake kaɗa gwangwani ina korar tsuntsaye daga shinkafar Baba, in sun lafa mu yi 'yar carafke da ƙawayena.

Kafin a yanke shinkafar nan ruwa ya zo. Kogi ya cika ya batse, ya shanye gonaki, aka rufe makaranta. Baba ya shiga kwalekwale da maƙwabta su ceto abin da ya saura, kwalekwalen ya kife. Sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa can ta wajen Guri.

Da Inna ta fita takaba, ruwa ya janye, liman ya zo rabon gado. Gonar kaɗai Baba ya bari. Ni ce 'ya tilo, aka ce rabi nawa ne, Inna tumuni, ragowar na Baffa Sale, ƙanen Baba. Na tambayi liman mene ne tumuni, ya ce ɗaya bisa takwas. Na ruga ɗaki da murna na gaya wa Inna ta fi kowa samu. Ta dube ni kawai, ta ce, "Allah ya sa albarka."

Washegari na bi su fadama. Aka auna gonar da igiya, aka ninka igiyar biyu, aka sake ninkawa, aka ƙara, tana ta ƙanƙancewa a hannun Baffa. Da ɗan guntun nan aka yanka wa Inna nata, aka kafa turke. A tsaye cikin taɓo na gane darasin, ba wanda ya yi mini bayani, na fashe da kuka. Baffa ya sayar da kasonsa, wanda ke bakin ruwa, sai noman rani ya gagare mu. Inna ta koma yi wa mutane gumin shinkafa. Ba ta taɓa cewa an zalunce ta ba, don ba a zalunce ta ɗin ba. Abin ne ba yawa.

Yau 'ya'yana a waya suke danna lissafinsu, amsa ta fito kafin a ƙifta ido. Inna ta rasu, gonar kuwa ciyawar kacalla ta cinye ta, ba a ko gane iyakar kowa. In na je gida nakan tsaya a bakin hanya in yi ta laluben wurin da ido. Ashe ƙaramin rabo ma, sai an rasa shi ake sanin girmansa.