Sharar Da Aka Yi Kafin Ya Sauka

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar Laraba ƙanena ya fita daga gidanmu na Kakuri a Kaduna. Mu uku muka raka shi bakin ƙofa: ni, da Innarmu da ta zo daga garinmu don sallama, da maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai. Shi mai walda ne, ya samu aikin gyaran jiragen ruwa a wani tsibiri mai nisa.

A gidanmu ba a share ɗakin matafiyi sai ya sauka, don kada a share masa hanyar dawowa. Saboda haka Inna ta tambaye ni awa nawa zai yi a sama. Ta ce daga garinmu za a auna, domin can aka binne cibiyarsa. Na je shagon mai gyaran waya, ya rubuta sunan garinmu da na tsibirin. Wayar ta ja layi miƙaƙƙe a kan teku, ta ce awa tara.

Na yi lissafi bi da bi. Na farko, mota zuwa Abuja. Na biyu, tashin jirgi da azahar. Na uku, awa tara. Na ce mata kafin asubahin Alhamis ya sauka.

"Ka tabbata?" in ji Inna.

"Inna, shekara ashirin na yi ina ƙirga yadi a masaƙa, ban taɓa kuskure ba."

Maƙwabciyar ta yi dariya. "Malam, jirgi ba yadi ba ne fa!"

Ƙarfe bakwai na safen Alhamis Inna ta share ɗakin tas, ta zubar da sharar a kwata. Ƙarfe sha ɗaya wayata ta yi ƙara, ƙanena ne.

"Yaya, ina zaune a wani filin jirgi. Saura jirgi biyu, sannan kwalekwale."

Ban san cewa babu jirgin da ke bin wancan miƙaƙƙen layin ba. Inna tana gefena, ta ji komai. Ta jingine tsintsiyar a bayan ƙofa. Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba, kuma wanda ya samo masa aikin ya tashi daga unguwar Tirkaniya, ba wanda ya san inda ya koma.

Ranar Asabar muka ga yashi a bakin ɗakin, ta ciki, alhali ƙofar a kulle take, makullin yana aljihuna. Fari ne, mai laushi, da danshi, bai yi kama da na kogin Kaduna ba. Maƙwabciyar ta ɗanɗana, ta tofar.

"Gishiri ne, Mama," ta ce, ta fita tana addu'a irin ta coci.

Kullum da safe nakan buɗe in duba. Yashin yana ƙaruwa kaɗan kaɗan, yana matsawa wajen gadonsa. Wata goma sha ɗaya ke nan. Inna ta ƙi komawa gida, kuma ba ta kallon fuskata in muna gaisawa.

Mai karatu, in kana da wani da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta wani tsibiri, ka sa ya duba mana dogon mutum mai tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, mai ɗan in'ina. In ya gan shi, ya ce masa ya kira gida, ko kalma ɗaya ce. In kuma wani labarin ne daban, a faɗa mini ni, kada a fara da Inna.