Muryar da ɗana ya je jira a bakin kududdufi

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni tela ne a Soron Ɗinki, mutum mai doka a gidansa. Bokona bai wuce firamare ba, amma komai nawa a tsare yake. Na hana kallon fim ɗin Indiya, na hana na Hausa. Katun kaɗai na bari, don a ganina zane ne, abin yara. Ɗana na fari yana da shekara goma sha biyar. Kamar yadda muka gada, ni da uwarsa ba ma kama sunansa, ba ma hira da shi, yaron nan muke cewa. Mahaifiyata ce ta raine shi, ita ke kiran sunansa, tana tsokanarsa wai ta gaji da miji marar cefane. Da Allah ya yi mata rasuwa sai ya dawo hannunmu, inda ƙannensa ma Yaya suke ce masa.

Abin ya zo daki-daki. Da farko ya karɓo wani kaset na katun ɗin Japan wajen mai haya a Mandawari, yana maimaita shi kullum bayan la'asar. Sannan ya daina ƙwallo. Sannan ya rage cin abinci, har abokansa suka sa masa mai aljanun Japan. Uwarsa ta roƙe ni in duba yaron nan, idonsa ya canza. Na ce iskanci ne, na zane shi, ko hawaye bai yi ba. Na karɓo rubutu ya sha. Na je wajen mai kaset da faɗa, ya yi dariya, wai Baba ai katun ne, ko ni ma tsoro nake ji?

Haushin maganarsa ya sa na zauna na kalla, ranar wata Juma'a da hantsi. Yarensu ban ji ba, ƙanwarsa ce ta riƙa faɗa mini yadda ya ba ta labari. A cikin katun ɗin, 'yan makaranta ne suke yaɗa cewa akwai wani tafki da matattu ke kiran sunan duk wanda ya gaji da duniya, in ya amsa ya tafi ke nan. Ina cikin tsaki sai ƙanwar tasa ta fashe da kuka. Ta ce Yaya ma yana zuwa kududdufin wajen Ƙofar Na'isa, ya ce Kaka za ta kira shi, kuma yau ya bar mata takalminsa.

Damina ce, kududdufin ya cika. Na same shi ruwa ya kai masa ƙirji, ya ba ni baya. Na ce kai yaro, bai juyo ba. Na sake, ya ƙara taku. Sai na buɗe baki na kira sunansa, a gaban masu wanki da kowa. Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya waiwayo. Da na jawo shi yana rawar sanyi, sai ya tambaye ni ko da gaske ni ne, don shi bai san yadda sunansa yake a bakina ba.

Ya daɗe yana ganin likita, kuma har yau ba mai yawan magana ba ne. Jan kunnena ga iyaye biyu ne. Na ɗaya, ba duk zane ne na yara ba, ku zauna ku ga abin da suke kallo. Na biyu ya fi mini ciwo. Kaset ɗin na ƙona shi a ranar, amma ba shi ya kai ɗana ruwa ba. Alkunya abu ne mai kyau, sai dai idan mai kiran yaro ta rasu, dole wani a cikin masu rai ya karɓa.