Tasbihin Delu

Ɗazu bayan azahar barci ya sace ni a masauki, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ku da kuka iya fassara ku matso. Amma bari in fara gaya muku abin da ya gabace shi, kada wani ya ce min yawan cin dankalin Jos ne.

Kun san aikina, jinya a asibitin dabbobi, shekara goma sha ɗaya ina fama da karnuka da kyanwoyi. Satin nan aka turo ni kwas a Jos kan ciwon zuciyarsu. Na zo ina hura hanci, ina cewa me za a faɗa min sabo. Yau da safe likitar da ke koyar da mu ta ce kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, zuciyarta na lalacewa tana nan tana lasar jiki, sai rana ɗaya ƙafafun baya su yi sanyi su daina aiki. Ta kunna mana bugun zuciya marar lafiya, sau uku yake bugawa maimakon biyu. Sannan ta ce idan kin ɗora abin sauraron ƙirji gurnanin kyanwa ya hana ki ji, ki buɗe famfo kusa da ita, yawanci za ta yi shiru. Kowa ya duƙa yana rubutawa. Ni biro ya tsaya min a hannu.

Dalili kuwa, sati biyu da suka wuce Gwaggo Asabe, yayar babana, ta kawo min Delu a kwando. Delu kyanwarta ce. Tun rasuwar mijinta su biyu ke gidan, da ita take hira, ita take yi wa faɗa. Ta ce Delu ta rage ci, kuma in ta hau katanga sai ta zauna tana haki. Na ɗora abin sauraro, ba abin da nake ji sai gurnani. Na ce bari in ɗan girgiza ta ko za ta daina. Gwaggo ta riƙe min hannu.

"Ke Rabi, tasbihi take yi. Kada ki katse mata."

Muka yi dariya. Layi ya yi tsawo, likita ya fita, na ce tsutsar ciki ce, na ba su magani na sallame su. Ban ji zuciyar Delu ba, amma a kati na rubuta zuciya lafiya lau. Kunyar wannan rubutun nake ji tun safe.

To a mafarkin, wai ina cikin ajin kwas ɗin, amma babu kujeru, kowa zaune yake cikin kwando. Likitar na gaban allo, bakinta na motsi, gurnani ne ke fita. Ta miƙo min katin Delu, ta sa yatsa a kan rubutuna. A bakin ƙofa karnuka sun yi layi, kowane da katinsa a baki, wani tsoho a cikinsu yana tari.

Sai kawai na gan ni a tsakar gidan Gwaggo. Gidan ne dai, ga bishiyar gwaibar, ga randa, amma katangar duk famfuna ne jere tun daga zaure har bayan ɗaki. Gwaggo na kan tabarma tana jan carbi, Delu a cinyarta. Na ce, "Gwaggo, ba ni ita minti ɗaya." Ba ta ɗago ba.

Na buɗe famfo na farko, babu ruwa, sai gurnani. Na biyu ma haka. Ina bi ina buɗewa, gidan na cika da ƙara har randa na rawa. Abin sauraron da ke wuyana ya yi ta tsawo yana jan ƙasa kamar igiyar guga, ina takawa ina tuntuɓe. Raina ya ɓaci, na tuna har tsaki na yi.

Sai kawai famfon ƙarshe ya kawo ruwa. Gidan ya yi tsit. Delu ta daina gurnani, ta ɗago kai tana kallon ruwan, na durƙusa na ɗora mata abin a ƙirji. Na ji shi ƙarara, bugu uku, kamar mata uku na daka a turmi ɗaya. Na buɗe baki in gaya wa Gwaggo, murya ta ƙi fita. Delu ta sauka daga cinyar ta nufi zaure, tana jan ƙafafun baya a ƙasa. A lokacin ne Gwaggo ta ajiye carbin ta dube ni.

"To, kin katse mata. Yanzu wa zai riƙa amsa min?"

Nan na farka, zufa har cikin kunne. Ashe famfon banɗaki ne ke zuba, da safe babu ruwa na bar shi a buɗe. Na tashi na rufe, na ɗauki waya in duba lokaci, sai ga kiran Gwaggo sau biyu ina barci. Gwaggo da ba ta kira sai ranar Juma'a, yau kuwa Laraba.

Na kira sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Na roƙi maigidana ya bar shago ya je ya ɗauko su ita da kwandon, na kuma gaya wa likitanmu gaskiyar abin da ke cikin katin. Yanzu ina zaune bakin gado, an koma aji ban koma ba, wayar na cinyata.

Don Allah masu sani ku faɗa min. Shirun da Delu ta yi a mafarkin, na ruwan famfo ne da zai ba ni damar jin zuciyarta, ko kuwa ɗaya shirun ne Gwaggo ta kira ta gaya min?