Tambar da Aikande ta Yanka Ɗanya

Duk wanda ya san Aikande, matar marigayi Ndewirio, abin da zai fara tunawa shi ne tsakar kanta. Sanƙo ne a wurin kamar faɗin tafin hannu, kuma ba ciwo ne ya yi mata shi ba, dakon ciyawa ne. Tun tana amarya take sauka daga kan dutsenmu na Kilimanjaro zuwa filayen ƙasa da laujenta, ta yanko, ta ɗaure, ta hauro da dami a ka. Mu nan ba mu da wurin kiwo, ko'ina ayaba ce da gahawa. Saniya a ɗaki ake haifarta, a ɗaki take tsufa, abin da kan uwargida ya ɗauko mata shi ne makiyayarta.

Ni Manka, shinge ɗaya ya raba gidana da nata, kuma mun daɗe muna aron wuta a wurin juna. Mace ce gajera, mai ƙarfin wuya, ba ta da yawan dariya amma bakinta akwai barkono. In ka miƙa mata nono ta kurɓa, sai ta juya shi a baki ta ce, "Manka, saniyarki ta ci ganyen albasa," ko kuwa, "Yaushe rabonki da kwashe mata kashi? Warin ɗaki ya shiga ƙwarya." Haushi nake ji, amma in na koma gida sai in tarar haka ne. Ita kuwa saniyarta, Maua, kullum kan busasshen ganyen ayaba take kwana, hantsarta a wanke da ruwan ɗumi, goran nono kuma sai ya sha hayaƙi kafin a zuba masa ko ɗigo.

Ndewirio ya rasu da damina. Mutum ne mai sanyin hali, shi ke kula da magudanar da ke kawo wa unguwarmu ruwa daga rafi. A danginsu, in namiji ya rasu, matarsa za ta zauna cikin baƙaƙen kaya har shekara ta zagayo. Sannan a dafa giyar ayaba da tambar da aka noma a gonarsa, dangi su taru, a sallame shi, a cire wa matar takaba. Sai an yi haka ake cewa mamaci ya kwanta. Saboda haka da rani ya shigo, Aikande ta share ɗan fegin da ke bakin magudana, ta shuka tamba, tana ba ta ruwa ranar da rabonta ya zagayo. Wan mijinta, tsoho Aminiel, wanda shi ne babban dangi, yakan biyo da sandarsa ya tsaya yana kallon fegin yana gyaɗa kai.

A wannan shekarar ne ruwan ƙarshen shekara ya ƙi sauka. Filayen ƙasa suka ƙone ƙurmus. Kuma a daidai lokacin ɗanta Elisante, da ke tuƙin babbar mota a Tanga, ya kawo matarsa Haika da tsohon ciki. Ba ta ma kai watanninta ba ta haihu. Ɗa namiji ne, amma da na ɗauke shi sai na ji kamar tsumma na ɗauka, zanen da aka naɗe shi ya fi shi nauyi.

Mai jego a wurinmu amanar suruka ce. Wata uku za ta yi a ɗakin uwar miji, ba ta ɗebo ruwa, ba ta taɓa adda, sai ci da shayarwa. Abincinta kitawa, wato faten ayaba da kindirmo, a narka man shanu a kai har ya yi iyo. Da wannan jini ke dawowa, nono ya sauko. Elisante ya kwana biyu ya koma bakin aikinsa, ya bar uwarsa da rayuka biyu da saniya ɗaya.

To, a lokacin kowa kututturen ayaba yake sassara wa shanu, don shi kaɗai ya rage. Saniya na son sa, yana cika mata ciki, madara ma ba ta ragu sosai ba. Wata safiya na ji Aikande tana kaɗa gora. Na share tsakar gida, na dafa shayi, na wanke tukwane, har yanzu ƙarar gora ba ta tsaya ba. Sai na leƙa ta shinge.

"Maman Elisante, yau kiɗa kike koya?"

"Zo ki gani, Manka."

Ta tsiyaya mini a tafin hannu. Madarar ta yi tsararo, har wani shuɗi-shuɗi take yi. Man da ya taru bai kai cikin cokali ba.

Na ce, "Ai kowa haka tasa take. Gora dai ya cika, ki gode wa Allah."

"Rafi ma cike yake," in ji ta. "Ruwa na ba ta, ruwa ta mayar mini. Saniya ba ta cin amana, abin da ka sa mata a baki shi za ka tarar a hantsa."

Daga cikin ɗaki muna jin kukan jaririn. Ba kuka ba ne irin na lafiyayyen ɗa mai tsaga kunne, wani siririn sauti ne kamar na ɗan kyanwa. Na shiga na tarar da Haika zaune, idanunta sun faɗa, tana matsa ƙirjinta da yatsu.

"Mama Manka, ba ya zuwa," ta ce da ni. "Yana ja, yana ja, sai ya gaji ya saki."

Aikande ta shigo bayana. "Wa ya ce ki yi kuka, Haika? Hawaye ma ruwan jiki ne, ki adana shi. Sha wannan."

Ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan ta zo ta duba su. Ta ba Haika maganin ƙarin jini, ta ce yaron ba shi da wata cuta, uwar ce ta zubar da jini da yawa, a ciyar da ita abinci mai maiƙo, in ba haka ba yaron ba zai daɗe ba. Aikande ba ta yi mamaki ba. Abin da ta riga ta sani ne.

Washegari ta ɗauki lauje ta sauka ƙasa, ita da gwiwarta da ta daɗe tana ciwo. Sai la'asar sakaliya ta dawo tana jan ƙafa, da ɗan damin busasshiyar ciyawa da ta yi fari kamar tsintsiya. Maua ta shinshina, ta kau da kai. Muka bi gida-gida, muka samo harawar wake kaɗan da dusar masara. Ta taimaka, amma ba ta isa ba. Saniyar tatsa ɗanyen ganye take so, kuma a duk unguwar wuri ɗaya ne ya rage kore shar.

Da hantsi na ga Aikande a bakin magudana. Tambar ta kai gwiwa, ta yi kauri, tana gab da fitar da kai. Aikande ta daɗe a tsaye da lauje a hannu, bakinta na motsi. Ban san ko addu'a take yi ba ko da mijinta take magana. Sannan ta sunkuya ta fara yanka.

Na ƙetare shinge da gudu. "Ke! Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Kawo igiya, Manka."

"Yaya Aminiel fa? A kasuwa ma babu tamba bana, ko da akwai ba ta gonarsa ba ce."

"Na ce ki kawo igiya."

Kafin rana ta take tsaka labari ya kai masa. Ya iso yana haki, sandarsa na dukan ƙasa. Ya tarar ta baza abin da ta yanka a inuwa don ya sha iska, saboda ɗanyen ganye mai laushi in aka ba yunwatacciyar saniya kai tsaye, kumburin ciki yake sa ta.

"Maman Elisante," ya ce, "abincin ƙanena kika shimfiɗa wa dabba?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba! Mutumin da ya riƙe ki shekara da shekaru, ko yatsa bai taɓa ɗaga miki ba, shi za ki bari a tsaye bakin ƙofa? Ba ya nan, ba ya can?"

"Ƙanenka mai haƙuri ne, Yaya, ka fi ni sani. Wanda ya iya jiran ruwa ya biyo magudana tun daga rafi, zai iya jiran wata shekara. Wancan na ɗaki ba zai iya jiran wata ɗaya ba."

"Ki ba shi madarar mana! Ba ga ta nan cike da gora ba?"

"Ɗan bakwaini? Da wannan ruwan? Uwarsa zan ciyar, ita ta ciyar da shi."

Aminiel ya nuna ta da sanda. "In wani abu ya same ki, kada ki ce ba a faɗa miki ba. Kuma ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba."

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya," in ji ta, ta ci gaba da juya ganyen.

Ba ta yanke fegin gaba ɗaya ba. Kullum layi kaɗan, ta gauraya da harawa da dusa da ɗan kututturen ayaba, ta barbaɗa kanwa, ta ajiye ruwa mai tsabta. Inda ta yanka kuma ta ci gaba da ba shi ruwa, ya sake tofowa. Kwanakin farko babu abin da ya canja, ni kaina na fara tunanin ta yi asarar banza. Yaron ya ƙara yaushi, har fasto ya zo ya yi masa baftisma a gida, kowa kuwa ya san ma'anar hakan, an fara fid da rai da shi ke nan. Mata a bakin rafi suna ta ƙus-ƙus. Da gwiwar Aikande ta kumbura har ta koma dogara sanda, sai aka ce to, ga shi nan, maigida ya fara magana.

Wajen mako guda bayan nan, na ji ƙarar gora ta tsaya da wuri. Ta kira ni. Mai ne curi guda kamar ƙwan agwagwa, rawaya, yana ƙamshi. Ba ta yi murmushi ba. Ta narka shi duka a kan kitawa ta kai ɗaki.

"Mama, ya yi yawa," in ji Haika. "Ke ma ki ci."

"Ni wa zan shayar? Buɗe baki."

A hankali abin ya zo. Fuskar Haika ta fara cikowa, zanenta ya fara jiƙewa a ƙirji. Ranar da yaron ya tsala ihun da ya sa kajina suka watse, na zauna a kan turmi na yi kuka.

Lokacin sallamar Ndewirio ya zo ya wuce, ba a dafa komai ba. Wasu dangi suka daina gaishe ta a coci. Ita kuwa kullum da yamma takan je kabarinsa a cikin ayaba ta share busassun ganye, ta ɗan zauna. Sau ɗaya ta ce da ni, "Manka, kina ganin yana fushi?" Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Da wata uku suka cika, aka fito da Haika ranar Lahadi. An shafe ta da mai, wuyanta ya yi gwiɓi, mata suna guɗa suna tsokanarta wai ƙofa ta yi mata kaɗan. Aikande na biye da ita a baya cikin baƙaƙen kayanta, tana dogara sanda. Hanyar coci ta ƙofar Aminiel ta bi, kuma yana zaune a waje. Guɗa ta mutu. Haika ta tsaya, ta durƙusa, ta kwance goyo ta miƙa masa.

Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa, sai hannunsa ya yi ƙasa don nauyi, har ya saki sanda ya tallafe da ɗayan. Yaron ya cafki gemunsa ya ja.

"Kai, ɗan nema," in ji tsohon, "kai ne ka shanye giyar ƙanena?"

Ba wanda ya yi dariya sai Haika, ita ma cikin hawaye. Aminiel bai dubi Aikande ba. Ya mayar da yaron, ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, sannan ya ce, kamar da iska yake magana, "Ina da irin tamba a rumbu. A aiko a karɓa."

Aikande ta sake shekara guda cur cikin takaba. Gwiwar ba ta warke ba, ba ta kuma ƙara sauka ƙasa yankan ciyawa ba, Haika ce ta karɓi laujen, don ta ƙi komawa Tanga. Da aka girbe sabuwar tamba aka sallami Ndewirio, yaron yana tafiya da ƙafarsa a cikin taron, yana kama zannuwan mata yana faɗuwa yana tashi.