Baƙon da ke kan gawon Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Rijiyar Zaki, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa da sai an lallaɓa ta take tashi. Aike ne a bakinmu. 'Yan'uwa sun yanke shawarar mu je ƙauyenmu da ke bayan Shanono mu taho da Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta dawo birni da zama. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa rijiya, gidan kuma ya watse, saura ita da awakinta.

Titin Gwarzo lafiya lau, sai dai inda na sani gonaki ne a da, yanzu bulo ne da fulotai. Sai da muka wuce Rimin Gado ido ya fara hutawa: gero ya nuna, dawa ta rufe gari, mata na tsinkar kuɓewa a bakin hanya. A Gwarzo muka karya da koko da ƙosai. Mai dafaffiyar gyaɗa ta faɗi kuɗin gwangwani ɗaya, ƙanena ya tambaye ta ko har da gwangwanin take sayarwa. Daga Shanono muka sauka hanyar ƙasa, wadda ruwan ƙarshen damina ya cinye gefenta. Sau biyu ina fita in duba inda taya za ta taka.

Mun tarar da Gwaggo a bayan gida, kan tabarma a inuwar katanga, tana fuskantar gawon da ke bakin turken awaki. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ɗaga hannu.

"Ku yi a hankali, baƙona ya zo."

Ɗan tsuntsu ne toka-toka, da kaɗan ya fi kanari, ƙirjinsa da siraran zane. Ba kyan launi, ba waƙa, sai wani ɗan "tsii" can ƙasa-ƙasa. Yana zaune a miƙe kan busasshen reshe, sai ya yi fir, ya cafke ƙuda a iska har ka ji ƙas ɗin bakinsa, ya juyo ya sauka daidai inda ya tashi. Ba ya taɓa hatsi, ba ya sheƙa a garinmu. Gero na nuna yake bayyana, ya yi 'yan makonni, gawo na fara fitar da ganye ya wuce kudu. Ban san sunansa na littafi ba. Ɗan-koma Gwaggo take ce masa.

Ina ɗan shekara tara na harbo ɗaya da danƙo, na kawo mata ina taƙama. Ba ta doke ni ba. Mafici ta miƙo mini, ta zaunar da ni gaban ƙwaryar furarta, ta ce tunda na kashe mai aikin, sai in karɓi aikin. Wuni na yi ina korar ƙuda, ina jin abokaina suna langa a waje.

Da na tuna mata, ta yi dariya har da tari. Ta ce a wancan zamani sai ka ga biyar a gawo ɗaya. Bara ko ɗaya bai zo ba.

"An sare gawuna, ana ta feshi a gonar wake. Ya zo ya ci me?"

Bayan mun ci tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa na faɗi abin da ya kawo mu. Tun a mota na tanadi hujjojina, amma ba ta nemi ko ɗaya ba. Ta dubi reshen, ta ce:

"Na san ƙafar nan ba za ta kai ni wata damina a gidan nan ba. Zan bi ku. Amma ba zan tafi in bar baƙo a gida ba. In ya wuce, ku zo."

Ƙanena ya buɗe baki zai kawo maganar tsadar mai, na taka masa ƙafa.

Bayan la'asar muka juyo, ba kowa a kujerar baya sai kabewa biyu da ƙullin kuka. Ana kiran magariba muka shigo gida, wayar 'yan'uwa na ta shigowa, kowa na tambayar me ya sa muka dawo ba Gwaggo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kuwa, mun zauna a birni mun tsara wa tsohuwa ɗaki da katifa da likita, ba wanda ya tambaye ta da wa za ta yi sallama. Na bar wa maƙwabcinta lambata, ya kira ni ranar da reshen ya wayi gari ba kowa. Har yau bai kira ba, ni ma kuma ba na gaggawa.