Mai Gyaran Rediyo da Saƙon Auta

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai ɗinkin takalmi da na mai sayar da batir, akwai wata 'yar rumfa mai ƙofar kwano wadda a yau ake cajin waya a cikinta. Nan ne mutumin da wannan tarihi ya shafa ya yi sana'ar gyaran rediyo, tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Da farko Injiniya ake ce masa, daga baya abokan sana'a suka koma kiransa Shehi. Abin da na rubuta a nan na ji shi ne daga bakin matarsa, da maƙwabcinsa mai ɗinkin takalmi, da malamin Larabci na ajin yamma na unguwar. Shi kansa har ya bar duniya ba ya son a tayar da zancen.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, shi da ƙanwarsa Auta. Auta ta yi aure, mijinta ya sami aiki a wata ƙasar Larabawa, ta ce za ta bi shi. Inna, wato mahaifiyar, ba ta so tafiyar ba. Ranar da za su tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce daga ciki, "Je ki, amma ba da yawuna ba." Auta ta tafi ba ta sake dawowa ba. Mijin ya rasu a can, ta auri wani mutumin ƙasar, ta haifi 'ya mace wadda ta tashi a hannun dangin ubanta ba ta jin Hausa. Daga Inna har Auta babu mai karatu, sai gaisuwa da matafiya kan kawo jefi-jefi, ita ma a bushe.

Larabci ya shigo rayuwar Injiniya ta hanyar sana'arsa. Wani baƙo ya kawo rediyo mai kaset gyara, ya bar shi tare da kwalin kaset na koyon Larabci, bai sake waiwayarsu ba. Tsarin darussan ɗaya ne: murya ta faɗi jimla, sai a yi shiru, mai koyo ya maimaita. Akwai littafin da ya kamata ya zo da su, mai bayanin ma'ana, amma ba ya cikin kwalin. Injiniya bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Mutum ne mai kunne, wanda daga jin ƙarar rediyo yake gane inda ciwon yake tun bai kwance murfi ba. Yana narka dalma yana sauraro, da zarar murya ta yi shiru sai ya mayar mata da abin da ta faɗa, har da inda take jan numfashi. Gaisuwa da godiya da 'yan kalmomin da suka yi kama da na Hausa ya gane su. Sauran kuwa ya haddace su ne kamar yadda ake haddace kiɗa.

Shekaru suka tafi a haka, layin ya saba da jin Larabci yana fita daga rumfar. Mai ɗinkin takalmi yakan leƙo ya ce, "Shehi, ka yi wa takalmin nan faɗa da Larabci mana, ya ƙi ɗinkuwa." Shi kuwa sai ya zuba masa jimla mai tsawo, mutane su yi ta mamaki. Malamin ajin yamma, wanda ya yi karatun harshen a jami'a, ya taɓa tsayawa ya saurare shi, ya yaba furucinsa, sannan ya ce cikin ladabi, "Baba, da za ka riƙa zuwa aji, da abin ya cika." Injiniya ya yi dariya ya ce, "Ni da na sha daga bakin masu abin, in koma in zauna a benci ina alifun ba'un?"

Sai wani matafiyi ya kawo labarin rasuwar Auta, ya kuma ce 'yarta, wadda ta girma har ta yi aure, tana so ta zo ta ga kakarta. Inna a lokacin ta tsufa, ganinta ya yi rauni. Abu ɗaya take son sani, kuma kowa a gidan ya san shi: ko Auta ta mutu tana riƙe da ita a zuciya. Malamin ya aiko cewa in ana bukatar tafinta zai zo. Injiniya ya mayar da amsa cewa an gode, a gidan akwai mai ji.

Ranar da baƙuwar ta iso, gaisuwar ƙofar gida ta tafi yadda ake so. Ya yi mata maraba, ya tambayi lafiyarta, ta amsa da murna, maƙwabta na kallo suna gyaɗa kai. Aka shigar da ita ɗakin Inna. Tsohuwar ta shafa fuskarta da hannu biyu, ta ce, "Hancin uwarta ne. Tambaye ta, Auta ta ambace ni kuwa?"

Babu wannan tambaya a cikin kaset. Injiniya ya faɗi wata jimla da ya haddace, baƙuwar ta dube shi da ɗan mamaki. Sannan ta durƙusa, ta kama hannuwan Inna, ta soma magana da sauri, tana kuka, da irin Larabcin da ake yi a gida, wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ta daɗe tana yi, sannan ta yi shiru ta dube shi. A cikin wannan shirun bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru: ya maimaita jimlarta ta ƙarshe daidai-wa-daida. Fuskarta ta saki, ta gyaɗa kai da ƙarfi, don ta tabbata kawunta ya fahimta.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce Auta tana gaishe ki. Ta ce ta zauna lafiya, ba ta rasa komai ba."

"Shi ke nan? Duk wannan dogon zance?"

"Larabci haka yake, Inna, yana da tsawo."

Inna ta ce, "Madalla." Ta saki hannuwan jikarta, ta juyar da fuska bango.

Baƙuwar ta yi 'yan makonni a gidan. Sau da yawa takan koma ɗakin Inna ta sake faɗin maganar nan, a hankali, gaɓa-gaɓa, shi yana maimaitawa, sannan ya ba tsohuwar wata gaisuwar da ya ƙaga. Matarsa ce ta fara shakka. Ta same shi yana ɗaura agogo zai fita, ta ce, "Maigida, mai cewa an zauna lafiya ba ya irin wannan kuka."

"Ke me kika sani a Larabci?"

"Ban sani ba. Amma ka kira malamin nan, matambayi ba ya ɓata."

"In kira shi a ce me a layi? Gobe ma rana ce."

A nan masu ba ni labari suka saɓa. Matar ta ce ya yi niyyar zuwa, har ya taɓa kaiwa ƙofar makarantar ya juyo. Mai ɗinkin takalmi ya ce bai ga alamar haka ba, sai dai ya lura rumfar ta yi tsit, an daina sa kaset. Abin da suka haɗu a kansa shi ne baƙuwar ta koma ƙasarsu ba a kira kowa ba. A tashar mota ta riƙe hannun rigarsa ta sake faɗin maganar, ya sake maimaitawa, ta shiga mota tana share ido.

Bayan tafiyarta Inna ta rage cin abinci. Wata safiya yana gaishe ta, sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Har ta mutu ba ta huce ba ke nan. Da ta aiko da wata magana ko ta faɗa ce, da na ji sanyi."

Da yammacin ranar ya rufe rumfa ya nufi makarantar. Aji ya cika da manya: teloli, direbobi, 'yan kasuwa, yawancinsu masu kiransa Shehi. Malamin ya ce da shi su fita waje su yi magana, amma ya ƙi, wataƙila don ya san in ya ɗaga ƙafa ba zai dawo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya zubo maganar jikar Inna daga farko har ƙarshe, da sautinta, har da inda muryarta take karyewa. Sannan ya ce, "Malam, me wannan yake nufi? Ban sani ba. Ban taɓa sani ba."

Malamin ya matso kusa da shi. Ya fassara masa a hankali. Auta, a ciwon da ta rasu da shi, ta sa 'yarta ta yi mata alkawarin zuwa da ƙafarta ta roƙi Inna gafara. Ta ce a gaya mata cewa ranar tafiyar ta tsaya a bayan tagar ɗakin ta daɗe, ta ji Inna na kuka, girman kai ya hana ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma babu ranar da ba ta tuna ba. Jimlar ƙarshe, wadda Injiniya ya fi maimaitawa, tambaya ce: kin yafe mata?

Injiniya ya koma gida ya durƙusa a gaban Inna ya faɗi komai. Ta saurara har ya gama. Can ta ce, "A ɗakin nan ta faɗi wannan? Ni kuma na ce madalla, na juya mata baya?"

"E, Inna."

"Yarinya ta ƙetaro ƙasashe da amanar uwarta, ta koma tana zaton na hana." Ta juyo gare shi. "Ɗauko akwatin naka mai ɗaukar magana. Bakin da ya ɓata shi zai gyara."

Ba shi da sabon kaset a hannu, sai ya ɗauki ɗaya daga cikin na darussan, ya toshe ramin bayansa da takarda yadda zai karɓi sabuwar murya. Inna ta yi maganarta da Hausa. Malamin ya juya ta Larabci, ya bayyana wa Injiniya ma'anar kowace kalma, sannan Injiniya ya faɗa da bakinsa, har da bayanin ƙaryar da ya yi, domin Inna ta ce kada a bar wannan a baya. Aka ba wani matafiyi saƙon. A makon nan ya shiga ajin yamma, ya zauna a bencin baya, ya kuma roƙi mutanen layi su koma ce masa Injiniya. Mai ɗinkin takalmi, duk da son tsokanarsa, ya ce bai sake iya yi masa wasan ba.

Hanyar matafiya ba ta da tabbas a wancan zamani. Amsar ta iso a kaset bayan Inna ta rasu. Ya saurare ta a rumfa shi kaɗai, ya mayar da kaset baya ya sake ji, sannan ya kawo gida ya sa wa matarsa. Da muryar ta yi shiru bai maimaita komai ba.

"Me ta ce?" in ji matar.

"Ta ce saƙo ya iso, ta je kabarin uwarta ta yi mata addu'a. Ta ce tana gaishe da Inna." Ya sunkuyar da kai, yana juya kaset ɗin a hannu. "Akwai wata magana da ta yi a kaina. Wannan ban gane ta ba, sai na tambayi malam."