Gidanmu na Maraɗi

Shekara goma sha huɗu na ɗauka ina gina gidan nan na Sabon Gari da albashin malamin lakkol, wato makarantar boko. Watan da na samu sarari in sayi siminti buhu biyu, watan da ban samu ba in je in tsaya ina kallon bulo kamar kallo zai ƙara masa tsawo. Ɗaki uku muka fara shiga, ko shafe babu. Kafin a ba ni daraktan makaranta ɗakunan sun kai takwas, ga zaure, ga doguwar rumfar kwano a tsakar gida.

Abokan aiki sun sha tambayata me zan yi da ɗaki takwas alhali ƴaƴa biyar Allah ya ba mu. Duk mai wannan tambaya ba ɗan ƙauye ba ne. Ni mutumin Jiratawa ne, kuma a wajenmu wanda ya samu aikin gwamnati a birni, gidansa ya zama masaukin gari. Jiratawa ba nisa, amma wanda ya kawo mara lafiya asibiti, ko wanda aka ce ya dawo da sassafe ya kama layin takarda, ba ya jeka-ka-dawo. Nan zai ajiye jakarsa. Ba a aiko da saƙo a ce ga mu nan tafe, ba a kuma tambayar baƙo yaushe zai koma. "Gidanmu na Maraɗi" suke ce masa, ni kuwa in ji kaina yana ƙara girma. Na ji daɗin abin shekaru da yawa, ba zan yi ƙarya ba.

Sai ritaya ta zo. Yara sun watse, wani Yamai, wani Damagaram, matan suna gidajen aurensu, kowa yana fama da tasa tukunyar. Na yi watanni ina jelen takardu kafin a fara biyana, da aka fara kuma sai na ga abin ya fi kama da kuɗin goro. Gida bai san an yi ritaya ba. Takardar kuran, wato wutar lantarki, tana zuwa yadda ta saba, ta ruwa haka, kwano ya tsufa yana yoyo a ɗaki uku. Baƙi ma ba su sani ba. A idon mutanen garinmu mai albashi ba ya talaucewa, sai dai ya yi rowa. Kallon kitse suke wa rogo, ni kuma na taya su, don ban taɓa yarda na fita ba guga a rigata ba.

Matata ce ta ɗauki nauyin a ɓoye. Awakinta suka tafi ɗaya bayan ɗaya, sannan keken ɗinkinta. Ban tambaye ta ba, don na san amsar kuma ina tsoronta.

Wata ranar Laraba muna da baƙi bakwai. Ta tuƙa tuwon rana ta kai musu, na zauna a ɗaki ina jiran nawa. Can ta shigo da tukunya, ta tura ƙofa ta rufe. Ƙanzo ne ta jiƙa da ruwa, ta barbaɗa gishiri da ɗan yaji. Muka sa hannu muna ci a hankali kada a ji ƙarar tukunya, baƙi suna rumfa suna hira da dariya. Ina da shekara sittin da biyu, na koyar da yaran da yau wasunsu ke tuƙa manyan motoci, ga ni ina cin ƙanzo a ɓoye a gidan da na gina. Raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi faɗa.

Ta suɗe hannu ta ce, "Malam, gidan da nig gada wajen babana a Tsibiri shina nan, ɗaki biyu da ɗan fili. Mu biyu mun ka rage. A saida wanga, mu samu abin da za mu riƙe kanmu."

Na ce, "Ki san abin da za ki faɗa. In saida gida mutane su ce mi?"

Ta ce, "Su ce abin da sun ka ga dama. Ni dai ba ni da sauran abin kaiwa kasuwa."

Na yi sati uku ina fushi da ita saboda ta faɗi gaskiya. Na gwada tunanin ba da haya, amma wa zai kama ɗakin da ke yoyo, kuma ina zan kai baƙi? Na ɗauki waya sau da yawa zan kira babban ɗana, in ya ɗauka sai in tambaye shi lafiyar yara in kashe. A ƙarshe na kira dillali. Ya kawo wani ɗan kasuwa, yaro ƙarami, wanda bai ko leƙa ɗakunan ba. Bango ya bi yana aunawa da taku, don rushewa zai yi ya zuba shaguna da wurin ajiyar kaya. Farashin da ya faɗa ya isa in gyara na Tsibiri mu ci abinci har iyakar kwanan da Allah ya ɗiba mana. Na ce ya ba ni kwana uku.

Gumina ne ya gina gidan, amma ba zan sallama ba sai yayana ya ji daga bakina. Shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Kuma akwai abin da mu biyu muka sani ba mu taɓa zancensa ba. Shekarar da aka zo garinmu ɗibar yaran lakkol, shi aka rubuta. Baba ya ɓoye shi cikin rumbu ya miƙa ni, don shi ya isa riƙe hauya ni ban isa ba. Shi ya tsaya gona ya ci da gida, ni na zama Mushe, yadda ake kiran malamin lakkol, mai farar riga.

Na je Jiratawa na same shi a lambu yana jan ruwa cikin zogale, laka har gwiwa. Muka zauna bakin kwatar da ruwan ke bi. Na yi ta kewaye-kewaye, tsadar hatsi, tsufan kwano, har na gaji da kaina na faɗa masa kai tsaye. Na ce, "Yaya, gidan ya fi ƙarfina. Saidawa za ni yi, mu koma Tsibiri. Abinci ma wuya shi kai muna."

Ya juya yana kallon ruwan da ke gudu. Na shirya wa faɗa, na shirya wa gori, har na tanadi amsoshi. Sai ya ce, "Ashe haka abin yak kai, ba ka hwaɗi ba? Mu muna ta tura maka mutane." Ya wanke hannu a kwata. "Mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo. Gidanka ne. Allah shi sa haka ya fi alheri."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Washegari na ce wa ɗan kasuwan na sallama, a gaban shaidu, aka yi takarda. Ya ba mu wata biyu mu kwashe kaya.

A wata biyun nan ko mutum ɗaya daga Jiratawa bai taka gidan ba. Ban san abin da yayana ya faɗa musu ba. Ni da nake addu'ar Allah ya kawo mini sauƙin baƙi, sai ga ni zaune a zaure ina ɗaga kai duk lokacin da kabu-kabu ya rage gudu a ƙofa. Muna cin abinci sau uku, har da nama ranar Juma'a, amma ba ya mini daɗi. Na riƙa yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita kuwa tana ta ɗaure kwanoni cikin buhu.

Saura kwana tara mu tashi na je asibiti awon hawan jini. Na fito ta bayan ɗakunan jinya, inda masu jiran marasa lafiya ke shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro suna girki a kan duwatsu. Nan na gan shi. Yayana ne zaune a tsohuwar tabarma, ga buta, ga ƙullin kaya ya yi matashi da shi. Matarsa aka kwantar, an yi mata aiki a ciki. Kwanansu shida a wurin. Daga inda yake zaune zuwa ƙofar gidana tafiyar ƙafa ce.

Na ce, "Yaya, mi nai maka? Ɗaki takwas babu kowa ciki, kai kana kwana a ƙasa cikin sauro? Tashi mu tafi."

Ya ce, "Ai an saida. Ba a sauka gidan da an ka saida. Kuma ka huta, Mushe, ka yi muna iyakar ƙoƙarinka."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ɗaga murya har mutane suka fara juyowa. Dariya kawai ya yi ya ce yana son ya kasance kusa da ita ko za a nemi magani. Na san ba shi ne dalili ba, shi ma ya san na sani. Na zauna a gefen tabarmar.

Ya matsa ya ba ni wuri. Ya jawo ƙwaryar furar da aka aiko masa daga gida, ya buɗe faifan, ya dama, ya tura gabana.

"Sha," ya ce. "Duk ka rame. Mu ba mu lura ba."

Na ɗauki ludayin. Na kai baki fura tana zuba a rigata, shi kuma ya sa hannu ya tallafe mini ƙwaryar.